Kan Kande Ba Nauyi

Ranar da Kande ta faɗi a bakin rijiya babu wanda ya gani sai shanunta. Ta jawo guga na uku ke nan ƙafarta ta zame a kan laka, ta zo ƙasa a kan ƙugunta na hagu, gugan ya koma ciki da igiyarsa duka. Tun hantsi take kwance a wurin har rana tsaka, kuma ba ta yi ihu ba, don a ganinta tsohuwa mai ihu a bakin rijiya abin kunya ce. Sai da wata maƙwabciya ta zo ɗiban ruwa sannan aka ɗauke ta. Kafin la'asar labari ya isa Daura, kafin magariba motar ɗanta Jafaru ta tsaya a ƙofar gidanta.

Kande 'yar wata ruga ce a gabas da garin Babban Mutum, wurin da in ka ɗan zarce da tafiya sai a ce maka ka shiga Nijar. Babu wanda ya rubuta ranar haihuwarta. An dai ce ta haura saba'in, ita kuma ba ta musa ba. Tana 'yar shekara tara aka fara aza mata ƙwaryar nono, daga nan ba ta sauke ba. Ta auri Maliki, makiyayin da ya gaji da yawo ya kafa gida ya kama noman gero, ta haifa masa bakwai, huɗu suka rayu. Da ciki ta yi talla, da goyo ta yi talla. Kasuwar Babban Mutum ta san muryarta, ta Baure ma haka. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, da aka yi ta wa'azi mata masu talla su rufe jiki, Kande ba ta ja da kowa ba. Ta sayi hijabi ruwan ƙasa, ta naɗa gammo a kansa, ta aza ƙwaryarta ta ci gaba da abin da ke gabanta. Da Maliki ya rasu, 'ya'ya mata suka watse gidajen aure, sai ya zama saura ita da saniya uku da maraƙi ɗaya. Farar cikinsu jikar jikar saniyar sadakinta ce.

Jafaru shi ne ɗan fari, saboda haka tunda ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, kuma ba ta yi masa magana kai tsaye sai dole ta kama. Ya girma ya zama mai fataucin dabbobi, ya gina gida a Daura, ya yi kiɓa. Mutumin kirki ne, ban musa ba. Sai dai irin mutanen nan ne da in suna son ka sai sun zaunar da kai wuri ɗaya sannan hankalinsu ya kwanta.

A asibiti aka ce ƙashin bai karye ba, ɗan tsagewa ya yi. Ta yi sati shida a kwance a gidan Jafaru. Da ta miƙe kuma sai ta tarar da wani sabon abokin gaba, wato ƙasan gidan. Tayil ne ko'ina, mai santsi da sheƙi, wanda Ikilima matar Jafaru take gogewa sau biyu a rana kamar a kai za a kwashe tuwo. Matar da ta shekara sittin tana taka yashi da burji da ƙaya ba ta taɓa duban ƙafarta ba, a gidan nan ta koyi tafiya a sunkuye, hannu ɗaya a bango, tana jan silifas kaɗan-kaɗan. Ta tsani tafiyar, ta tsani kanta a cikinta.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Jafaru ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta bai shigo ba. Ikilima tana zaune tana tsefe wa surukarta kai.

"Inna," ya ce, idonsa a bango, "damina ta matso. Wanda na bar wa shanun nan zai koma gonarsa. Na ga gara a kai su kasuwar Mai'adua, ku kuma ku zauna a nan ku huta."

"Ikilima," in ji Kande, "ki faɗa wa mijinki ba a bisa kansa shanun suke kiwo ba."

"Ai ya ji, Inna."

"Ki dai faɗa masa."

Ikilima ta buɗe baki za ta maimaita, Jafaru ya ɗaga mata hannu.

"Inna, rabin wuni kuka yi a ƙasa ba mai ɗaga ku. Ranar da aka bugo min waya, har na iso ban san ko gawa zan tarar ba. Wallahi ba zan iya sake ɗaukar irin wayar nan ba."

Maganar ta shige ta, don ta ji tsoron da ke cikinta. Amma Kande ba ta iya jin tausayi ba tare da fushi ya biyo baya ba, kuma fushin ne ya riga isa bakinta.

"To ki ce masa, likitar nan da ya fara kai ni wurinta, in ta ce ba zan iya tsayuwa da ƙafata ba, ya kai su kasuwa, na yarda. In kuwa ta ce zan iya, ya mayar da ni inda ya ɗauko ni."

"Na ji, na karɓa," in ji Jafaru da sauri, ya juya.

Tun ƙarar takalminsa ba ta ɓace ba Kande ta gane abin da ta yi wa kanta. Shanun nata ne, halaliyarta, kuma Jafaru ya yi karatun addini daidai gwargwado, ya san ba shi da ikon taɓa su sai da yardarta. Yardar ce yake nema, ita kuma ta miƙa masa da hannunta a gaban shaida. Likitar ta riga ta sa ranar da za ta auna ta, Alhamis ta uku mai zuwa. Kasuwar kuwa ranar Lahadi take ci.

Likitar sunanta Firdausi, mai gashin ƙashi ce a wani ƙaramin asibiti a bayan gari. 'Yar Sandamu ce, gajeriya, mai tabarau, ta kai arba'in, ba ta da yawan dariya amma ba ta da tsawa. A ɗakinta akwai wata na'ura da wata ƙungiya ta kawo musu, guda ɗaya tak, wadda take lallaɓawa kamar ƙwai. Wani farin faranti ne na roba mai faɗin tire, a ƙasa, tsakanin ƙarafunan riƙo guda biyu, sai talabijin a jikin bango. In mutum ya hau farantin, sai wata 'yar tsana ta bayyana a talabijin, tsaye a bakin wata siririyar gada ta itace ɗaya, ruwa yana gudu a ƙarƙashi. Kana ɗaga ƙafa kana saukewa a inda kake, ita kuma tana tafiya. Ka karkata dama ta karkata, ka yi hagu ta yi hagu. In karkatar ta yi yawa sai ta faɗa ruwa tinjim, talabijin ya yi wani kuka mai ban haushi.

"Yanzu ni, da furfurata, aka kawo ni wasan yara?" Abin da Kande ta fara cewa ke nan.

"Wasa ne, Goggo, amma magani ne," in ji Firdausi, tana ɗaura mata wata faffaɗar ɗamara a ƙugu wadda take riƙewa ta baya. "Jiki yakan manta yadda ake tsayuwa. Wannan tuna masa yake yi. In kin ƙetare da 'yar nan, ƙafarki ta dawo."

Akwai tsofaffi da dama da ke zuwa, har da wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ya mayar da abin gasa, kullum ya sauko sai ya sanar da mutanen kan benci sau nawa ya haye. Kande ba ta taɓa hayewa ba. Da ta hau sai idonta ya koma kan yatsun ƙafarta, bayanta ya lanƙwashe, hannuwanta su damƙe ƙarfe. Firdausi ta ce, "Ɗago kai, Goggo, dubi talabijin." Ta ɗago, sai ta ji wuyanta yana rawa kamar ba nata ba, ta sake sunkuyawa. Taku uku, taku huɗu, tinjim.

Ita ta san abin da ke damunta, kuma ta faɗa. A zuwa na uku, da ta sauko tana haki, ta ce, "'Yar nan, kaina ne ba nauyi."

Abin da take nufi a fili yake ga duk macen da ta taɓa talla. Wuyan da ya saba da ƙwarya, ƙwaryar ce take gaya masa inda tsakiya take. A cire ta, sai mutum ya ji kamar an ɗauke wa daro murfi a cikin iska. Amma Firdausi ba ta taɓa talla ba, makaranta ta yi. Ta ajiye biro ta matso.

"Kamar yaya, Goggo? Kina jin kamar kan yana yawo?"

"To ai dole ya yi yawo tunda ba nauyi."

"Kullum ne, ko sai kin tsaya?"

"Da na miƙe tsaye."

Firdausi ta rubuta wata kalma da Turanci a katin Kande, ta ja layi biyu a ƙarƙashinta. Daga ranar aka shiga awon jini, aka leƙa kunnuwanta da 'yar fitila, aka ɗebi jini a kwalba, aka ƙara mata wata 'yar farar ƙwaya. Kande ta ɗauka duk na ƙugu ne, ta yi ta haɗiya. Duk zuwa sai Firdausi ta tambaya, "Yaya kan?" Ita kuma, da yake ba ta ƙarya, sai ta ce, "Yana nan yadda yake, ba nauyi." Ta yi ta jira likita ta ce a kawo ƙwarya, tana ganin tunda ta faɗa sau ɗaya, nanatawa rashin ta-ido ne. Awon duk ya fito lafiya, abin da ya ƙara tayar wa Firdausi hankali ke nan, don ciwon da ba a ga tushensa ba shi ya fi ba ta tsoro.

Kwanaki suka yi ta zubewa. Bayan sallar asuba Kande takan dafa bangon ɗaki ta yi ta ɗaga ƙafa tana saukewa, tana zagin 'yar tsanar a ranta. Ƙarfi ya dawo wa ƙafar, wannan ko ita ta ji. Ta kai taku bakwai a gadar, wata rana takwas. Gadar kuwa taku ashirin ce.

Ranar Laraba da yamma tana zaune a tsakar gida ta jiyo Jafaru a soro yana waya. Ba ya ɓoyewa, shi a ganinsa magana ta riga ta ƙare. Yana ce wa mai mota ya shirya Asabar da sassafe, saniya uku ne da maraƙi, a kwana da su kusa da kasuwa. Tuwon da Ikilima ta kawo mata ko loma uku ba ta yi ba.

Alhamis su uku suka je. Jafaru, wanda bai taɓa wuce ƙofar asibitin ba, ya shigo har ciki ya tsaya jikin taga, makullin mota a hannu. Firdausi ta fara da sa ta tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba, ta tashi. Ta sa ta je wani layi da aka ja a ƙasa ta juyo, ta je ta dawo, a hankali dai, ido a ƙasa. Sannan aka zo kan faranti.

"Sau uku za mu gwada, Goggo. Kada ki yi sauri."

A na farko, da ta tuna wanda ke tsaye a bayanta, sai ta karkace tun a taku na uku. Tinjim. Ta ji makullin ya yi ƙara a hannun Jafaru. A na biyu ta cije, gumi ya keto mata ta cikin hijabi, ta kai tara, ta ɗago kai don ta ga saura nawa, wuyan ya yi rawarsa, ƙugu ya bi shi. Da Firdausi ba ta ja ɗamarar ba da ita ma ta bi 'yar tsanar.

Aka zaunar da ita. Firdausi ta ɗauki katin ta juya wurin Jafaru, ta sassauta murya, amma ɗakin ƙarami ne.

"Alhaji, gaskiya ƙafar ta yi kyau fiye da yadda na zata. Gadar nan ma ba ita ce ta fi damuna ba. Jirin nan ne. Sati uku tana fama da shi, kullum ta miƙe, kuma mun rasa dalilinsa. Mai jiri ba zan ce a bar ta ita kaɗai a ƙauye ba."

Jafaru ya yi ajiyar zuciya, ya gyaɗa kai.

"Wane jiri?"

Duk suka juyo. Kande ta miƙe tsaye, ba ta dafa komai ba, kuma ba ta ma lura ba.

"Wa ke da jiri? Ni? Yaushe na ce miki ina jiri?"

"Goggo, ke kika ce kanki ba nauyi."

"To da nauyi ne? Dube shi! Kin ga wani abu a kai? Shekara sittin ban taɓa zuwa ko'ina da kai haka fayau ba, sai a garin nan. Kun ɗora ni a kan gada, ba ƙwarya, ba tulu, ba ko ƙullin gero, kun ce in haye. Da me zan san na miƙe?"

Ikilima ce ta fara ganewa, ta rufe baki da gefen mayafi. Firdausi ta dubi katin, ta dubi kalmar da ta ja wa layi biyu, ta cire tabarau ta mayar.

"Kaya kike nufi," ta ce a hankali. "Kaya a ka."

"Da me nake nufi?"

"Akwai mai nono a bakin ƙofa," in ji Ikilima. "Na gan ta da muka shigo."

"Kai, a'a," in ji Jafaru. "Likita, ba ta iya tsayuwa da kanta ba, shi ne za a ƙara mata kaya? A asibiti? In ta faɗi da shi fa?"

Kande ta ga idon Firdausi ya sauka kan farin farantin, ta kuma gane lissafin da take yi. Nono kaɗan ya shiga cikin abin nan, shi ke nan, babu wani a garin, kuma ga tsofaffi a kan benci suna jiran layinsu. Babu littafin da ta karanta da ya ce a yi haka. Kande ba ta iya roƙo ba, ba ta taɓa koya ba. Tsayawa kawai ta yi ta zuba mata ido.

"Saura gwaji ɗaya," in ji Firdausi. "Nata ne. Kuma kuskuren nawa ne. Hajiya, kira mai nonon."

Mai nonon, wata doguwar mata mai suna Murja, ta ƙi ba da ƙwaryarta a tafi da ita, sai ta biyo Ikilima har ɗakin, mutanen kan benci suna miƙa wuya. Suka gaisa da Kande da Fillanci, gajeriyar gaisuwa. Firdausi ta ɗaga ƙwaryar ta ji nauyinta, ta ce sai an rage rabi.

"Rabin ƙwarya ya fi cikakkiya kaɗawa," in ji Kande.

"Ƙugunki bai kai cikakkiya ba. Ko rabi, ko a fasa."

Aka juye rabi a kwanon Murja, aka rufe ƙwaryar da faifai. Kande ta karɓi ɗankwalin Ikilima, ta murɗa shi ta naɗe, cikin ƙiftawar ido ya zama gammo. Ta hau farantin, Firdausi ta naɗe ɗamarar a hannunta sau biyu.

"Aza min," Kande ta ce wa Murja.

Ƙwaryar tana zama, wani abu ya sauka tun daga tsakiyar kanta har dugaduganta. Bayanta ya miƙe da kansa. Haɓarta ta ɗago, don mai kaya a ka ba ta da damar duban ƙasa ko da tana so. A karon farko ta ga 'yar tsanar sosai, ashe har 'yar jar riga gare ta. Ta saki ƙarfen dama. Ta saki na hagu.

"Inna!" in ji Jafaru.

"Yi shiru, Alhaji," in ji Firdausi, ba ta ko dube shi ba.

Ɗaya, biyu, uku. Ikilima ce ke ƙirgawa a ƙasan maƙoshi. Bakwai, takwas, tara, inda ta saba faɗuwa, ta wuce. A na goma sha biyu gadar ta fara lilo, abin da Kande ba ta san wasan yana yi ba don ba ta taɓa zuwa nan ba. A daidai lokacin ƙugun hagu ya soke ta kamar an caka tsinke. Ta tsaya cak a kan ƙafa ɗaya. 'Yar tsanar ta karkata, ta buɗe hannuwa tana kaɗawa a saman ruwa. Kande ta ji nonon ya tafi gefe guda a cikin ƙwaryar, ta ji ɗamarar ta ɗaure a cikinta, ta ji Murja ta ja numfashi. Tsoro ya kama ta sosai, irin na bakin rijiya. Idonta ya so ya sauka ƙasa, ƙwaryar ta hana.

Sai ta yi abin da take yi a kan hanyar Baure in an yi ruwa ƙasa ta jiƙe. Ta bar ƙugu ya tafi inda yake so, ta riƙe wuya a inda yake, ta jira nonon ya dawo ya kwanta. Ya dawo. Ta sauke ƙafar.

Sha uku. Sha huɗu. Ikilima ta daina ɓoye murya. A na ashirin 'yar tsanar ta taka ƙasa ta yi tsalle, talabijin ya ɓarke da tafi da bushe-bushe. Murja ta sauke ƙwaryar ta ɗaga faifan ta duba cikinsa, a bushe yake.

Firdausi ta zauna, ɗamarar ta yi mata shati a tafi. Ta ja katin ta soke kalmar.

"Goggo, ki yafe min. Sati uku ina ba ki maganin ciwon da ba ki da shi." Ta juya wurin Jafaru. "Za ta iya komawa gida. Amma rijiya ta haramta gare ta, a samo mai ɗebo mata. Kullum ta yi tafiya da ɗan kaya marar nauyi a ka, a hanya mai kyau. Duk sati biyu a kawo min ita ta hau wannan, har ranar da za ta haye ba ƙwarya."

"In ta sake faɗuwa fa?" in ji Jafaru.

"Za ta iya faɗuwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in ta ƙara wata uku tana jan ƙafa a sunkuye, a gidanka za ta faɗi."

Kande ta kafa ido a bango tana sauraron numfashin ɗanta. Sannan ya fita baranda, ta ji ya danna waya, ta ji ana ta ringin ba a ɗauka, har ta fara tunanin ko wani likitan yake nema. Can aka ɗauka.

"Maganar Asabar ɗin nan," ya ce. "A bar ta."

Ranar Asabar ɗin ita ya ɗauka a mota. An yi ruwan farko kwana biyu da suka wuce, mutane duk sun fita shuka. Ko ɗakinta ba ta shiga ba ta nufi turke. Shanun suna nan, sun rame, farar ta ɗago kai ta yi mata wani ɗan gajeren kuka. Kande ta tsuguna a hankali, ta shafa hantsar, ta ja. Ta sake ja. Ta koma kan ta biyu, ta uku. Babu ko ɗigo.

Maƙwabcin da aka bar wa su ya tsaya yana sosa ƙeya. Rani ya yi tsanani, ya ce, ga shi ba mai tatsa a kan lokaci, maraƙin ma ya daina sha, sai suka ƙafe. Sai dai in sun sake haihuwa, wataƙila baɗi.

Wannan ya yi mata ciwo fiye da faɗuwar. Ta yi wata uku tana mafarkin ƙarar nono a cikin ƙwarya, ta yi faɗa da ɗanta, ta haye gadar mutanen talabijin, ta dawo ta tarar babu abin tatsa. Hawaye ya zo mata, ta bari ya zuba a jikin saniyar inda ba mai gani.

"Inna," in ji Jafaru daga bayanta, a tausashe, "to yanzu zaman me za ku yi a nan? Mota tana nan. Shanun ba zan taɓa su ba, na yi alkawari. Ku dai mu koma."

Ta ci gaba da shafa saniyar. Shi kuma ya kasa tafiya, ya kwana a tsohon ɗakin mahaifinsa.

Da gari ya waye, rana ta ɗan ɗago, ya fito ya ga ta wanke ƙwaryarta, ta ɗebi ruwa a randa ta zuba daidai rabi, ta rufe da faifai. Ta naɗa gammo, ta durƙusa da gwiwa ɗaya ta aza da kanta, ta miƙe. Ta fita ta kama hanyar Babban Mutum, ƙasa a jiƙe tana karɓar sawunta. Jafaru ya bi ta daga nesa, babbar riga a kafaɗa, duk inda ta ɗan rage sauri sai hannuwansa su buɗe da kansu. Ta san yana nan, ba ta waiwaya ba.

Sun kusa gidajen farko wata mata ta leƙo ta saman danga da kwano a hannu, fuskarta cike da murna.

"Lale, Kande! Ashe kin dawo! Mai nono, tsaya ki ba ni na koko!"

Jafaru ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai. Kande ba ta rage tafiya ba.

"Ya ƙare," ta ce. "Kin makara."